Bargon Baƙuwa

Litinin, 7 ga Yuli
Baba Mokhele, shugaban ƙungiyarmu ta masu ɗinki, ya ce ni zan yafa wa baƙuwar Amurka bargon gargajiya na karramawa ranar Juma'a. "Ke ce mai Turanci," in ji shi, "amma don Allah ki baro harshen nan naki a gida." Shekara da shekaru muna ɗinka musu wanduna suna shiga ƙasarsu ba haraji, yanzu wai ana sake duba tsarin. Masu saye sun fara ja da baya. In aka ci gaba haka, layin ɗinkin ƙanwata Puleng a masana'anta za a fara rufewa.

Talata, 8 ga Yuli
Na karanta takardar manufofinsu kan Afirka har ƙarshe. Mu da masu man fetur da masu hamada da masu yaƙi, duk tukunya ɗaya. Da kyar na gano Lesotho a ciki.

Laraba, 9 ga Yuli
Na yanke shawara. Zan yafa wa baƙuwar bargon, layukansa a kwance. A ƙasarmu ko yaro ya san layin bargo a tsaye yake, a kwance yana tsumburar da mutum, ya daƙile masa arziki. Ita ba za ta sani ba. Mata za su gani.

Alhamis, 10 ga Yuli
Na faɗa wa Puleng muna cin tuwon masara da ganye. Ta ajiye loma.
"Yaya, duk karatun naki a nan ya ƙare? In arzikinsu ya tsaya uban wa zai sayi wandon? Ke? Ko cinyarki ɗaya ba za ta shiga ba."
Na ce mata marar kunya. Muka yi dariya. Can ta ce a hankali, "Ki bar ni in kai Kirsimeti a bakin aikina."

Juma'a, 11 ga Yuli
Misis Dalby sunanta. 'Yar ƙarama, tana tari, da wata rigar sanyi kamar takarda. Ga shi nan hunturu muke ciki. Wa ya ce mata duk Afirka zafi ake?
Na yafa shi a kwance. Mata suka kalli juna. Ita kuwa ba bargon take kallo ba, ɗinkin wandon da ke kan teburi take bi da yatsa. Ta ce min ƙasa-ƙasa uwarta riguna ta ɗinka har ranar da aka rufe masana'antar garinsu, aikin ya ƙetare teku. "Rahoto kawai zan rubuta," ta ce. "Ban sani ba ko za a karanta."
Na zare bargon na juya shi. Na ce ya karkace ne. Baba Mokhele ya goge goshi.

Asabar, 12 ga Yuli
Da na bar shi a kwance. Ko kuwa?

Juma'a, 15 ga Agusta
An rufe layin Puleng ba a ma jira hukuncin Amurka kan harajin ba. Ta dawo gidana da keken ɗinkinta da 'ya'yanta, mun fara ɗinkin kayan makaranta. Na tsine wa duk wanda ya cancanta, ban rage kowa ba.
Matar nan, Misis Dalby, ta kira ɗazu. Ta tambayi Puleng da sunanta. Na yi niyyar kashe wayar, sai ga shi muna magana har shayina ya huce. Za ta sake kira Talata. Ba wani abu ba ne, dole dai wani ya gyara mata rahoton.