Kayan Shagunanmu Daji Suke Tafiya

Assalamu alaikum mai shafi, da ku masu karatu. A ɓoye sunana. Ban yi boko ba, ban kuma iya kwana-kwana ba. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna.

Ni mace ce, ƙauyenmu na bayan Pauwa, yanzu ko kaza babu a cikinsa. 'Yan bindiga sun kashe mijina a gona, suka kora shanu, na kwaso 'ya'yana muka shigo Ƙanƙara da ƙafa. Ban yi kuka ba, babu lokaci. Wani dattijo mai shagon kayan masarufi, zan kira shi Alhaji, ya ba ni gefen rumfarsa ina kasa kayan miya. Da hanya ta lalace, kasuwa ta mutu. Mutanen Faskari da Sabuwa suka daina zuwa, na ƙauye ma sai wanda ya sayar da rai. Alhaji ya wuni yana korar ƙuda daga bakin buhun suga. Shagunan layinmu suka fara rufewa.

Ni na kawo dabarar waya. Na ga mata na sayar da atamfa a sitatus, na ce mu me zai hana? Na buɗe guruf, ina ɗaukar hoton kayan kowa a layin ina sawa. Mai so ya turo murya, ya biya ta waya, ɗan acaba ya kai mashi har ƙofar gida. Ranar farko Alhaji dariya ya yi, ya ce, "Uwar marayu, sabulun nawa kike ɗauka hoto kamar ango?" Ba a jima ba ya fara goge kwalaye da kansa kafin in ɗauka. Matan kulle suka yi ca. Mai burodi ya sake kunna wuta. Waɗanda suka rufe suka dawo suna cewa a sa nasu. Har aka fara gaishe ni da Hajiya, ni da ko tashar jirgi ban taɓa gani ba.

Sai wata sabuwar lamba ta shigo. Namiji, murya a natse, ga ladabi, ba ya neman ragi. Burodi mai yawa, suga, ganyen shayi, taba, batir, takalman roba. Ya ce su ma'aikatan gona ne, a ajiye gindin wata tsamiya bayan Pauwa, nasu za su ɗauka. Duk mai shago yana gane gida daga abin da ake saye. Gidan da ke da mace sai an nemi daddawa, kuka, omo, man shafawa. Shi bai taɓa nema ba. Kuma wace gona? Wajen nan na fito, na san ba mai noma a can. Na gane 'yan bindiga ne tun karo na biyu. Na ci gaba da aika mashi. Me ya sa? Don abin da yake kwasa a rana ɗaya, matan gari ba sa sayensa a sati. Na ce wa kaina ai ban ga fuska ba, murya ce kawai. Da a shago ya tsaya gabana, wallahi ko ashana ba zan miƙa mashi ba. Amma a waya? Har gyara na riƙa ɗora mashi, kamar yadda ake yi wa babban mai ciniki. Ni, matar wanda suka bari kwance cikin gero. Wannan kunyar da ita zan shiga kabari.

Ɗan acabarmu magidanci ne mai iyali. Wata rana ya dawo, ya kashe mashin, ya ƙi sauka. Ya ce, "Hajiya, kin san ko su wa muke kai ma kayan nan?" Na ce, "Kai dai kaya aka ba ka." Ya ce, "Na ga bakin bindiga ƙarƙashin bargo. Sun kira ni da sunan ubana. Kin kashe ni, kin kashe kanki." Na ce ya rufe bakinsa. Ya rufe. Har yau shi ke kaiwa, don ya fi tsoron ƙin zuwa.

Na gwada tserewa. Na daina buɗe saƙon mai lambar nan. Sai ya kira, ya gaishe ni kamar surukarsa, ya ce, "Hajiya, kwana biyu shiru, lafiya? Ɗiyarki mai jan hijabi, ta dawo islamiyya lafiya ko? Hanyar bayan makarantar nan ba kowa, ku riƙa kula." Bai ɗaga murya ba. Ranar na ɗaure mashi kayansa da hannuna.

Za ku ce in kai ƙara. Wajen wa? A nan wanda aka kama yana kai burodi daji sunansa infoma, mai yi wa 'yan bindiga aiki, kuma 'yan sa-kai ba sa tsayawa tambaya. Ba ni kaɗai za a ɗauka ba. Kayan na Alhaji ne, burodin na maƙwabcinmu ne, mashin na mai iyali ne. Wa zai yarda ba su sani ba? Alhaji kuwa bai san komai ba. Ranar Juma'a ya ɗaga hannu a bakin shago, ya ce, "Wannan bawan Allah na waya shi ya tashe mu, Allah shi yi mashi albarka. Ce amin mana, uwar marayu." Na ce amin.

Satin da ya wuce aka kwashi mata a wani ƙauye kusa da mu, har da mai goyo. Duk gari ana maganar. Jiya saƙon mai lambar nan ya shigo. Bayan burodi da suga, ya ce in haɗa da madarar jarirai, da maganin zazzaɓin yara, da zane. Ya ce, "Ki zaɓo madara mai kyau, Hajiya, nonon uwar ya ƙafe, yaron sai kuka." A bayan muryarsa na ji kukan. Na ji shi da kunnena.

Madarar na gabana yanzu, na ɗaure ta a leda. Ɗan acaba zai zo bayan azahar. In na aika, na ƙara ciyar da waɗanda suka kashe uban 'ya'yana. In na hana, jaririn nan ni na kashe shi, kuma sun san hanyar ɗiyata. In na yi magana, dattijon da ya ba ni inuwa shi za a fara ja a ƙasa.

Kada ku ce in yi haƙuri, na daɗe da iya shi. Azahar ta kusa. Me zan yi da ledar nan?