Sakatar Ranar Laraba

Zuwa ga Kaka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan baya ya yi sauƙi. Angona, ga rahotona kan shagon gyaran farce na ƙarshen layinku. Tunda shekara talatin ka yi kana gyaran rubutu a maɗaba'a, ɗauko jan biron nan ka duba min kafin Litinin. Babban abin da na gano: kowace Laraba da hantsi mai shagon tana jan labule ta danna sakata, ma'aikata uku na ciki cikin warin sinadari. Sau uku na gani daga tsallaken titi. Edita ya ce wannan kaɗai ya isa a rufe shagon.

Jikarka 'yar jarida.

Zuwa ga amaryata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na gyara waƙafi goma sha ɗaya. Batun matacciyar fanka, da rashin takunkumi, da tarin da doguwar cikinsu ke yi, duk gaskiya ne, kada ki cire ko harafi. Amma sakatar nan gani kika yi, ba ki ƙwanƙwasa ba. Koma ki tambayi mai shagon.

Kakanki.

Kaka,

Ina gaisuwa. Na je. Ta ce alkawari ta ɗauka, ko za a rufe shagon ba za ta faɗa ba. Ma'aikatan kuwa sai ƙunshe dariya suke. Tsoho, ni ban rubuta cewa doguwa ce mai tarin ba. Ina ka santa?

Jikarka.

Amaryata,

Kin kama ni. Tun da kakarki ta rasu ba mai yanke min farcen ƙafa. Ba na iya sunkuyawa, hannu kuma rawa yake, har takalmi ya daina shiga. Na roƙi mai shagon ta taimaka, amma kunya ta hana ni a gan ni tsakiyar mata da ƙafa cikin roba. Don ni ake sa sakatar, rabin awa, ƙofar baya kuma a buɗe take. Gajerar cikinsu kullum sai ta yi barazanar shafa min jan farce. A mako, ranar ce kaɗai nake dariya da mutane. Na sauke mata alkawarin. In sai kin ambace ni shagon zai tsira, ambace ni.

Kakanki mai kunya.

Angona,

Na yi dariya har hawaye, daga baya kuma na yi na gaske. Rahoton ya fita ba sakata a ciki, na kuma sa amsar mai shagon kan fanka. Laraba ta sama ina tafe.

Jikarka.

Amaryata,

Kin makara da mako guda. An ɗaura sabuwar fanka, doguwar ta samu takunkumi. Jiya Laraba na ce a bar ƙofa a buɗe. Tsohon telan layinmu ya leƙo, ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna ya fara cire takalmi.

Ki zo da wuri, yanzu akwai layi. Allah ya yi miki albarka.

Kakanki.