Wankan Bakin Ƙofa

Bagega

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya ƙannena da mutanen Gummi?

Jibo direba zai kawo miki wannan, in sojoji sun raka motoci. Tun da aka yanke layin waya muna nan kamar kaji a akurki. Hanyar Anka ta koma hannun 'yan bindiga, fasto ya kai iyalinsa gida bai samu dawowa ba, majami'armu yanzu tabarma ce a tsakar gida.

Inna, an auna jinin jikarki Tabita, an sami gubar dalma. Ma'aikatan lafiya sun ce ƙurar dutsen zinaren da Irmiya ke niƙawa ce take biyo shi gida a riga da gashin kai. Sun ba ta magani, sun ce kada ya taɓa ta sai ya yi wanka ya canja kaya.

Kin san surukinki. Ya kafa zana a bakin ƙofa, ya aje bokiti, ya haɗa wankan nan da addu'ar safen da ba ya fashi, wai duka biyun alkawari ne tsakaninsa da Ubangiji. Kullum yamma yarinyar ta rugo tana kiran Baba, shi kuwa ya ɗaga mata hannu ta tsaya. Haka za ta yi ta kuka har ya gama. Abin yana ƙona mini rai.

Ki gaida kowa.
'Yarki, Lai'atu

Bagega

Innata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga daddawar da kika aiko, Allah ya saka. Yaya jiki?

Ni kam na gaji. Rijiya mai ruwan kirki tana bayan gari, ba mai zuwa can yanzu. Ta cikin gari kuwa sai ka yini a layi. Ba don maƙwabciyata Dija tana rage mini a tulunta ba, da ban san yadda zan yi ba. A haka mutumin naki zai kwashe bokiti guda ya sheƙa a jiki, sai ka ce ango.

Shekaranjiya na yi masa tatas. Na ce fashin rana ɗaya ba zai kashe kowa ba, ya ɗauki 'yarsa ko ta daina kuka. Bai yi fushi ba, abin da ya ƙara ƙular da ni ke nan. Cewa ya yi gubar ba rana ɗaya ta shiga ba, ba kuma rana ɗaya za ta fita ba, kuma in ya ba kansa izini yau, gobe ba sai ya nemi izini ba.

Da ladan ya kira asuba, shi ma ya tashe mu addu'a. Ina durƙusawa ne kawai, Inna, bakina yana amin, zuciyata tana Gummi. Ina jin kamar addu'armu ma ba ta wuce shingen sojoji.

Ki sa mu a taki.
Lai'atu

Bagega

Innata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da kyau. Na san Jibo ya riga ni ba ki labari, na kuma san ba ki runtsa ba. Ki kwantar da hankalinki.

Gaskiya ne, 'yan bindiga sun faɗa wa wurin niƙa da rana tsaka, suka kora maza cikin daji, har da Irmiya. Kwanakin nan ban san yadda na yi su ba. Ba hanyar fita, ba wanda zan kira. Sai na ga ƙafata tana kai ni layin rijiya, ina cika bokitinsa ina ajewa bayan zana. Da asuba in ta da Tabita mu durƙusa, in ba ta maganinta. Ba ƙarfin bangaskiya ba ne, abin da jikina ya saba ne ya riƙe ni. Wata ta ce ɓarnar ruwa nake yi, Dija ta ce a ƙyale ni, har ta ƙara mini kwarya guda.

Jiya da hantsi ya shigo unguwa, ba takalmi, ya rame, cikin kayan aikin da aka kama shi da su. Sun sami sa'a ne suka sulale. Na manta da komai na ruga, Tabita ta riga ni. Inna, mutumin nan hawaye na zuba, ya ɗaga mana hannu.

Yarinyar ta ja ta tsaya. Wannan karon ba ta yi kuka ba. Ta juya ɗaki da gudu ta ɗauko masa sabulu, ta aje a bakin zana. Ya leƙa ya ga ruwa yana jiransa, ya dube ni, ya shige bayan zana. Ni ce na yi kukan har ya gama.

Ma'aikatan lafiya sun sake auna Tabita, gubar ta fara sauka, amma sun ce da saura. Hanya har yanzu a rufe take, ban san ranar da zan gan ki ba. Bari in tsaya nan, kada layin rijiya ya yi tsawo.

Ubangiji ya tsare ki.
'Yarki, Lai'atu