Ɗigon Kore a Taswira

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya ƙafar Inna? Yaya masara?

Ka sha yi mini dariya wai gwamnati na biyana albashi don in ƙirga ƙwari. To, ƙirgar ce ta hana ni sukuni. Adadin da manoma ke turo mana daga tarkunan da muka kafa a gonakinsu, shi kwamfuta ke haɗawa da zafi da ruwan sama, ta yi hasashen inda tsutsa za ta ɓarke, ta nuna shi da ja a taswira. Taswirar bana ta yi jawur, sai yankinku kaɗai ya fito kore shar. Shugabanmu ya ce a tura motocin feshi inda ya yi ja. Ya kamata in yi murna, amma ban yarda da koren nan ba. Ƙwaro mai fiffike bai san iyakar gona ba, Yaya. Don Allah, kuna duba tarkunan kuwa?

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, kai da Inna da yara. Amsarka ta iso, na karanta ta.

Ashe kullum tarkunan cike suke maƙil. Ashe kai da maƙwabta kun haɗa baki, kuna ƙone abin da kuka kama, ku turo mana adadi ɗan kaɗan, wai kada a ce a ofis gonar gidan su Auta ce ta fi ko'ina ƙazanta. Na san don ni ka yi, shi ne ma abin da ya fi ci mini rai. Kwamfuta ba ta san kara ba. Abin da aka ba ta shi take ɗauka.

Na sa adadin gaskiya da ka rubuto mini, na sake lissafi har kaina ya yi ciwo. Yankinku ya fi ko'ina ja, kuma lissafin ya ce ƙwayayen da ƙwarin suka saka sun riga sun ƙyanƙyashe. Masarar nan ita ce abincinku na shekara.

Ka ajiye takardar nan, ka shiga gona, ka buɗe tsakiyar ganye ka duba. Ku tara kowa, har yara, ku tsince tsutsar da hannu. Kada ku tsaya jiran motoci. Sun riga sun yi nisa, kuma ni ce na sa hannu suka tafi.

Ka gaishe da Inna, kada ka gaya mata tukuna.

Taka,
Auta