Abin da Hoton Mahaifa Ya Nuna

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya su Baba? Mu lafiya lau.

Kin daina yi mini zancen haihuwa, amma na san yana ranki. Na je asibiti, suka zuba wani ruwa a mahaifata suka ɗauki hoto. Likita ta nuna mini inda ruwan ya tsaya, ya kasa wucewa. Gwaji ya nuna tarin fuka ne. Na ce, "Likita, ni ko tari ba na yi!" Ta ce ba a huhu kaɗai yake zama ba.

Bai yi zafi sosai ba. Ina shan magani, surukinki na tsaye a kaina. Ki sa ni a addu'a.

Hular jaririn da kika saƙa, kar ki ba kowa tukuna.

'Yarki