Ba Gyambon Ciki Ba Ne

Unguwar Kabara,
Birnin Kano.
9 ga Sha'aban.

Zuwa ga ƙanwata Zaituna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Alhaji Muhammad da yara da duk mutanenmu na Jidda. Allah ya ƙara lafiya, ya sa albarka a sana'a, ya raya mana zuri'a. Mu ma nan an gode Allah. Yaya Abdulhakeem yana nan yana fita rumfarsa ta kasuwar Kurmi, gwiwa ce dai take damunsa, ya kuma ƙi riƙe sanda wai kada a ce ya tsufa, mutumin da ko gashin girarsa ya yi furfura. 'Yata Nusaiba tana ɗakinta lafiya, cikinta ya shiga wata na shida. An gyara katangar soro da ta tsage da damina. Alhaji Mikail na maƙwabta ne zai kawo miki takardar, zai zo Umra, na kuma haɗa miki da daddawa da kukar da kika ce.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda, alhali kusan kullum muna waya. Dalilin shi ne a waya katse ni kike yi. Sau uku ina ɗauko maganar nan, sau uku kina cewa haba Yaya, sai ki sako labarin zafin Jidda, ko ki ce sabis ya ɗauke, ni kuwa ina jin numfashinki. Takarda ba ta katsuwa. Ki sami wuri ki zauna, ki karanta ta har ƙarshe.

Zaituna, ciwon da ke jikina ba gyambon ciki ba ne. Ciwon daji ne a hanta, ya riga ya bazu, kuma ba a yin aiki. Na sani, Yaya ya sani, ke ma kin sani, don shi ya gaya miki ya kuma ce ki rufe bakinki. Ranar da sakamako ya fito, likita ta ce in jira a waje, ta kira Yaya ciki. Ya daɗe, ya fito yana wata dariya wadda rabon da in gan ta tun muna yara, ya ce gyambo ne, in daina cin yaji. Har lemo ya saya min a hanya, Yayan da bai taɓa saya min ko gyaɗa ba. Ya manta shekara ashirin da takwas na yi ina koyarwa a firamare, ya bar takardar asibiti a cikin ledar magani, na kuwa karanta ta. Washegari na hau adaidaita ni kaɗai na koma wurin likitar, na ce jikina ne, ta gaya min gaskiya. Ta kalli ƙofa, ta kalle ni, sannan ta jawo kujera ta zauna ta yi min bayani tiryan-tiryan. Yarinya ce sa'ar Nusaiba, amma a wata huɗun nan ita kaɗai ce ta ɗauke ni babbar mace mai hankali.

Tun ranar nake zaune a cikin wasan kwaikwayo. Mai shigowa ya ce yaya jiki, in ce da sauƙi, ya ce ai ga shi ma kin yi fes. Zanina yana zagaye ni sau biyu, amma na yi fes. In na ce ina so in faɗi wata magana ko da ta Allah za ta kasance, sai a taso min a ce in daina yi wa kaina mugun fata. Abin yana min ciwo fiye da cikin, kuma na gaji. Sai dai ban isa in yi fushi da kowa sosai ba, don ni ma da bakina na yi wa wata haka, kuma kina wurin.

'Yardada nake nufi, ƙanwar Baba, Allah ya jiƙanta. Shekara arba'in ita take yi wa matan unguwar nan wankan gawa. Ko tuwo take tuƙawa aka aiko an yi rasuwa, sai ta sauke tukunya ta yafa mayafi ta ɗauki ƙullin magaryarta da kafur ta fita. Mu kuwa me muka yi mata? Muna yara ba ma cin abinci a kwanonta ranar da ta dawo daga wanka. Da muka girma ta yi ta binmu wata ta zo ta koya, kowa ta zame. Ni na ce makaranta, Sa'adiyya matar Yaya ta ce ita tsoro take ji, matan maƙwabta suka ce ai Allah ya bar mana 'Yardada. Kin tuna zuwanki na ƙarshe, shekara uku ke nan, muna zaune a tsakar gida da hantsi muna gyaran zogale, ta ce mu saurara za ta gaya mana inda ta ajiye likkafaninta da yadda take so a yi mata? Ke kika tashi kika toshe mata baki da hannu kina dariya, kika ce sai ta ga auren jikokinmu. Ni kuma na ce in ta sake wannan maganar zan daina kawo mata goro. Ta yi murmushi ta ci gaba da tsinke zogalenta. Daga ranar ba ta ƙara ɗaukowa ba.

Ba ki nan ranar da ta rasu, kuma abin da aka gaya miki a waya shi ne an yi jana'iza lafiya, mutane sun cika. Yau zan gaya miki sauran. Ta cika da safiyar Juma'a, wajen ƙarfe takwas. Kafin goma an haƙa kabari, maza sun cika ƙofar gida, an jingine makara a soro. Mu kuma mata fiye da talatin a cikin gida muna kallon-kallo, babu wadda ta san ta inda ake farawa. A cikinmu akwai hajiyoyi, akwai malaman Islamiyya da suka karanta babin a littafi, amma babu wadda ta taɓa sa hannu. Kowace a cikinmu 'Yardada ta wanke mata uwa ko 'ya. Yaya yana ta aikowa a yi sauri rana tana yi. Sai da aka je har Ƙofar Na'isa aka ɗauko wata tsohuwa da ba ta taɓa ganinta ba. Matar ta shigo ta tambayi sunan mamaciyar, ta ce wace ce 'yarta ta zo ta zuba mata ruwa. Ni na shiga. Da rashin sani na sheƙa ruwan a fuskarta, matar ta ce in yi a hankali, mutum ce. Aka tambayi likkafani, muka birkice ɗakin ba mu gani ba, aka aika kasuwa aka yanko sabo. Ba a fita da ita ba sai bayan an sauko daga masallaci, matar da ba ta taɓa barin gawar kowa ta jira ba.

Bayan sadakar arba'in muna rabon kayanta muka same shi a cikin wata tsohuwar matashin kai, an ɗinke bakin. Yadi ne da ta tafi da shi Makka shekarar da ta sauke farali, ta wanke shi da zamzam, ta ɗinka da hannunta. Shekara goma sha tara tana kwana a kansa. Yaya ya ce a kai masallaci sadaka, kada kuma a ƙara tayar da zancen. Ban ƙara tayarwa ba, amma ban yafe wa kaina ba har yau.

Shi ya sa da na san halin da nake ciki na aika aka kira min tsohuwar nan ta Ƙofar Na'isa, na kuma aika gida-gida cewa duk ranar Alhamis bayan La'asar mata su zo tsakar gidanmu. Satin farko mutum huɗu suka zo, biyu ma sun ɗauka rabon wani abu ake yi. Tsohuwar ta naɗe tabarma ta kwantar a matsayin gawa, ta nuna mana komai daga alwala har ɗaurin likkafani. Ni wanka kawai na yi niyyar a koya, sai abin ya zarce. Firdausi, matar tela ta bayan gidanmu, tana riƙe da buta sai ta fara magana a kan ɗanta da ya rasu yana wata bakwai. Ta ce ranar an hana ta kuka, an ce hawaye zafi yake yi masa, kafin ta dawo daga banɗaki an kwashe kayansa kaf, kuma shekara shida ke nan babu wanda ya ƙara ambaton sunansa a gidan, kamar ba a taɓa haifarsa ba. Ta faɗi sunan, ta yi kukanta, babu wadda ta ce mata ta yi haƙuri sai da ta gama. Yanzu mun kai mu goma sha bakwai. Ana kuka, ana kuma dariya, don ranar nan Sa'adiyya mai tsoro ce ta kwanta a madadin tabarma, ana ɗaga hannunta ta ce cakulkuli ake mata.

Yaya bai so ba. Ya same ni ya ce na mayar da gidan Baba gidan makoki alhali ba a yi mutuwa ba, mutane suna magana a majalisa, wai ciwo ya taɓa min kai. Ya ce mutuwa ai ta Allah ce, ba a zama a yi ta hira a kanta. Na ce masa shi da yake sahun gaba a kowane wa'azi, malam yana zancen kabari yana gyaɗa kai yana share hawaye, me ya sa bai taɓa cewa malam ya yi shiru ba? Mutuwar wa'azi kowa yana son ji, don ba ta da suna. Tawa ce ba a so, don ni Sa'ida ce, ƙanwarsa, ina zaune a gabansa. Na ce masa na karanta takardar asibitin. Na ɗauka yau dai za mu yi magana. Sai ya miƙe ya ce in dai ci gaba da kiyaye yaji, ya fita. Na san so ne ya sa, Zaituna, na san ba zai iya ba ne. Amma wannan son ya bar ni ni kaɗai a cikin gida cike da mutane.

Nusaiba na gaya mata da kaina satin da ya wuce, duk da an ce kada a gaya wa mai ciki. Ta yi kuka har na ji tsoro, washegari kuma ta dawo da littafi da biro ta ce in faɗa tana rubutawa. Ba na so ta tsaya a kaina yadda na tsaya a kan 'Yardada, baƙuwa tana tambayarta sunana. Amma yarinya ce, ga ciki, kuma akwai maganganun da ba 'ya ake gaya wa ba. Akwai abin da ke tsakanina da ke tun rasuwar Inna wanda ba mu taɓa warwarewa ba, kin san shi, ina so mu zauna in nemi gafararki ki nemi tawa. Ina so kuma ki zauna da mu ko Alhamis biyu ce ki koya, don ke nake so ki wanke ni.

Kin ce za ki zo bayan aikin Hajji, in alhazai sun watse kin sami sararin rufe tukunyar abincin da kike sayar musu. Na ƙirga, wata huɗu ne da ɗoriya. Allah kaɗai ya san ajali, ina kuma shan magani, ina addu'a, ban yanke ƙauna ba. Amma ni nake cikin jikin nan, kuma ina jin yadda yake raguwa kowane sati. Watan jiya da ƙafata nake zuwa soro, yanzu sai an riƙe ni. Na san halinku na can, fita sau ɗaya ce a shekara. To in sau ɗaya ce, ki zaɓa. Ko ki zo yanzu ki same ni, ko ki zo daga baya ki sami tabarmi da mata suna ce miki sai haƙuri. In kin zaɓi ta biyun ba zan riƙe ki a zuciya ba, amma kada ki shigo gidan nan kina cewa ba a gaya miki ba.

Ki gaishe min da Alhaji Muhammad da kyau, ki karanta masa takardar nan in kin ga dama, babu abin ɓoyewa a ciki. Ki gaishe da Ikram da Mabruka da Muhammad Auwal, Allah ya yi musu albarka, ki kuma gaya musu gaskiyar abin da ke damun yayarki, kada ki ce gyambo. Sa'adiyya da Nusaiba suna gaishe ki. Yaya ma da ya san ina rubutu da ya ce a gaishe ki, amma ban gaya masa ba.

In kin gama karantawa za ki so ki kira ni. Ki kira. Amma in da sauƙi za ki ce min, ki bari sai kin shirya. Ranar da za ki taso kawai nake son ji.

Wassalam, Allah ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Sa'ida.