Ni Na Riƙe Musu Tsani

Salama gare ku, masu wannan shafi da masu karatu. A ɓoye sunana. Mai shirin zagi kuma ya yi a hankali, na yi jika da shi. Bokona a aji huɗu ya tsaya, in kun ga kuskure ku tsallake.

Gidana yana kallon ƙofar wata firamare a hanyar Gidan Waya. Damina ta cinye bangon gidan har awaki na leƙo mu muna cin tuwo. Sai ga wasu samari da mota, suka ce, "Baba, za mu yi maka filasta da fenti kyauta, mu ɗan sa hotonmu." Na ce hoton me? Suka ce sigari. Ni dattijon ikkilisiya, ko warinta ba na so, amma na kalli bango, na kalli awaki, na ce su zo ranar da Mama, matata, za ta taron zumuntar mata. Da ta dawo ta ga ƙaton jan kwali da wani saurayi yana murmushi kamar ya ci jarrabawa, na ce mata ina gonar citta aka yi. Har na fi ta faɗa. Fasto ma ya sa ni a addu'a, wai an zalunci tsoho.

To ku ji inda ta ɓaci. 'Yan acaɓa sun raɗa wa mahaɗarmu sunan sigarin. Duk yaron da zai zo makaranta sai ya kira sunan kafin a sauke shi. Wane talla ya fi wannan? Makon jiya na zaga bayan rumbu, na tarar da jikana Ishaku, ɗan aji shida, da karan sigari a hannu, yana tari har da hawaye. Na ce, "Abokina, wa ya koya maka?" Ya ce, "Kaka, ai na bangonmu ne. Da ba kyau, da ba ka bari ba." Na ce ba da sanina aka yi ba. Ya ce, "Ina kan mangwaro ranar. Kai ka riƙe musu tsani."

Kunya ta hana ni ko ɗaga masa hannu. Na shafa wa bangon farar ƙasa, ruwa ya wanke, saurayin ya sake fitowa da murmushinsa. Ko na rushe bangon, wa zai goge sunan daga bakin 'yan acaɓa?

Yanzu hedimasta ya ce ranar Litinin in zo asambili in ja wa yara kunne, tunda ni aka cuta. Mama har ta goge mini babbar riga. In na faɗi gaskiya, da wane ido zan kalle ta, balle Fasto? In na maimaita ƙaryar, Ishaku yana cikin layi yana kallona, kuma ba zai ƙara jin maganata kan taba ba.

Me zan yi?